Kyamarori Arba'in da Yayan da Ya Ƙi Sa Hannu

Akwai wani ma'aikaci a ofishin ba da lasisin fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, wanda abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Malam Sannu-Sannu. Duk takardar da aka ajiye masa sai ya bi ta layi-layi da yatsa, har ƙananan rubutun nan na ƙasa da kowa ke tsallakewa.

Shekararsa ashirin da shida a hawa na biyu, a tebur ɗin da ke kusa da taga. An yi ta ƙara wa na bayansa girma suna wuce shi, bai taɓa kai ƙara ba.

Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya. A gari Injiniya ake ce masa, a gida kuwa Auta. Bayan rasuwar mahaifinsu, Malam ne ya riƙe shi, ya kai shi makaranta har ya gama.

Allah ya yi wa Auta kai. Ya buɗe ƙaramar masana'anta mai ma'aikata tara, suna haɗa wata irin kyamara mai gano zafin jiki. Ko ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, ko duhu ya rufe ko'ina, tana nuna inda mutum yake kwance. 'Yan kwana-kwana ne manyan masu sayenta.

Wata rana aka sauya doka. Gwamnati ta fitar da sabon jerin kayan da ke da amfani biyu, wato waɗanda farar hula ke aiki da su amma kuma za a iya yaƙi da su. Kyamarar Auta ta faɗa cikin jerin. A da sai dai ya cika takardar kwastan ya loda kayansa. Yanzu dole ya nemi lasisi, ya kuma kawo shaidar wanda kayan za su ƙare a hannunsa.

Dokar ta zo masa a mummunan lokaci. Wani kamfani daga waje ya yi odar kyamarori arba'in, odar da bai taɓa samun irinta ba. Wata uku yaransa suna kanta. An gama, an sa a kwali, jirgin ruwa zai tashi ranar Alhamis.

Ranar Litinin da safe ya hau benen ofishin da fayil a hammata, yana murmushi. Bai tsaya layi ba, ya wuce kai tsaye teburin yayansa.

"Yaya, ina kwana? Ga 'yar takardar nan, ka buga min tambari in wuce. Mota na jira a ƙasa."

Malam ya gyara tabarau, ya dubi fayil ɗin, bai buɗe ba.

"Auta, ni ba zan taɓa fayil ɗinka ba. Kai ƙanena ne, doka ba ta yarda ba. Kai wa Madam a tebur na uku."

Auta ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga yayan bai yi dariya ba, ya ja fayil ɗin ya kai wa Madam, shugabar sashen. Ta duba na 'yan mintuna, ta rufe.

"Injiniya, takardar mai sayen nan ba ta cika ba. Sun ce na 'yan kwana-kwana ne, amma ba sunan ofishin, ba sunan shugabansu. Adireshinsu ma akwatin gidan waya ne kawai. Sai mun bincika. Mako huɗu zuwa shida."

"Mako shida? Madam, jirgi Alhamis zai tashi!"

"Na ji. Amma haka abin yake."

Ya juyo kan yayansa. "Yaya, kana ji? Ka yi mata magana mana!"

"Gaskiya ta faɗa maka," in ji Malam a hankali.

Nan ran Auta ya ɓaci. Ya ɗaga murya har masu jiran layi suka waiwayo.

"Dama na sani! Shekara ashirin da shida kana ɗumama kujera ɗaya, ba ka ci gaba ba, ba ka so wani ya ci. Ni da ka riƙe na fi ka, shi ne abin ke cin ka. Hassada ce kawai!"

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya mayar, ya ce wa wanda ke gaban layi, "Malam, matso, kai ne na gaba."

Da ya tashi aiki, ya tarar Inna, mahaifiyarsu, ta kira wayarsa sau biyar. Ya biya ta gidanta. Tana zaune a kan tabarma, ko amsa gaisuwarsa ba ta yi da kyau ba.

"Ashe kai ne za ka tsaya wa ɗan'uwanka a hanya? Yaron nan ya zo nan idonsa jawur. Sa hannu kawai, me zai rage ka da shi?"

"Inna, abin da yake haɗawa yana ganin mutum a cikin duhu. A hannun mai kashe gobara, ceto ne. A hannun mai bindiga fa?"

Ta ce, "Ni ban san wannan ba. Na dai san ku biyu gare ni. Kada in mutu in bar ku ba kwa ga maciji."

Maganar ta bi shi har gida. Matarsa ta kawo abinci, ya ɗan taɓa ya ture.

A ɓangaren Auta kuwa, wani ejan mai fitar da kaya ya same shi. Ba-Matsala ake kiransa, don duk abin da ka tambaye shi amsarsa ke nan.

"Injiniya, kai ma da wahalar da kai. Mu rubuta kyamarar tsaron shago ce, irin ta kowa. Wa zai buɗe kwali? Na yi wa wata masana'anta haka makon jiya, kayansu na kan ruwa. Ba matsala."

Auta ya ce masa ya turo babbar mota Laraba da rana.

Wani daga cikin ma'aikatan, dattijo mai haɗa wayoyi, ya ji zancen. Hankalinsa bai kwanta ba, ya kira Malam ya faɗa masa.

Laraba da safe Malam ya nemi izinin rabin yini, abin da bai yi ba cikin shekaru. Ya shiga masana'antar ya tarar da kwalaye jere a bakin ƙofa, ana liƙa musu sabuwar takarda mai cewa kyamarar tsaron shago ce. Auta na ganinsa ya haɗe rai.

"In ofis ne ya aiko ka, ka koma."

"Ba wanda ya aiko ni. Yayanka ne ya zo." Ya ja wata kujerar roba ya zauna. "Abu ɗaya nake roƙo. Ka kira mai sayen nan a gabana. Ka ce masa kai da kanka za ka biyo kayan, ka koya wa 'yan kwana-kwanansu yadda ake aiki da su, kyauta. Ka tambaye shi wane ofishi za ka sauka. In ya amsa, zan tashi in tafi, ba za ka ƙara jin bakina ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Auta ya zaro waya da saurinsa, don ya kunyata yayan. Ya buɗe muryar yadda kowa zai ji. Mai sayen ya ɗauka da fara'a, suka gaisa. Auta ya faɗi abin da aka ce ya faɗa.

Sai fara'ar ta gushe daga muryar mai sayen.

"Ba sai ka zo ba," in ji mutumin. "Muna da masu koyarwa."

"To wane ofishi ne? Ina so in sa sunansa a takarda."

"Ofisoshi ne da yawa. Bar wannan. Dama ina son tambayarka, lambar nan da kuke bugawa a jikin kowace kyamara, za a iya kankare ta kafin a loda?"

Auta ya dubi yayansa. Malam na kallon ƙasa.

"Me ya sa za a kankare?"

"Tsarinmu ne. Sannan wani abu. In mutum ya kwanta a cikin ciyawa, daga nisan mita nawa take nuna shi? In yana gudu fa?"

Dattijon mai haɗa wayoyi ya ajiye abin da ke hannunsa. Sauran ma suka daina liƙa takarda.

Shekara bakwai Auta na sayar wa 'yan kwana-kwana kaya. Tambayoyinsu ya san su kamar sunansa: zafi nawa take jurewa, awa nawa batir ke yi, ko ruwa na shiga. Ba wanda ya taɓa tambayarsa mai gudu.

"Zan kira ka," ya ce, ya kashe wayar.

Ya daɗe tsaye. Can ya ce wa yaransa, da wata murya da ba tasa ba, "Ku ɓare takardun nan. Ku mayar da kayan ciki."

Da motar Ba-Matsala ta iso, haka ta koma ba komai. Malam ya miƙe, ya ce, "Ka rubuta wa Madam abin da ka ji, da lambar mutumin." Ya fita.

'Yan uwa, kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Jirgi ya tashi ba kayan Auta. Kwalaye arba'in suka zauna a sito suna shan ƙura. Aiki ya ja baya, har ma'aikata uku suka nemi wani wurin. Auta ya sayar da motarsa ya koma hawa ta haya.

Kuma bai je wurin yayansa ba. In ya san Malam zai je gaida Inna Asabar, shi sai ya je Lahadi. Matarsa ta ce masa, "Wai har yanzu fushi kake?" Ya ce, "Da wane ido zan kalle shi?"

Malam bai matsa masa ba. Duk ƙarshen mako yakan aika masa saƙo ɗaya: "Auta, ya aiki? Ya yara?" Ba a amsawa. Mako na zagayowa ya sake aikawa.

Bayan wata huɗu labari ya fito. An kama wasu 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan wata ƙasa, suna bin mutanen da suka gudu daji su ɓuya. A cikin kayansu an sami kyamarori masu gano zafin jiki, duk an kankare lambobinsu. Bincike ya biyo sawu har zuwa masana'antar nan da Ba-Matsala ya yi wa aiki. Aka rufe ta, aka tafi da mai ita da ejan ɗin.

Jami'ai sun zo wurin Auta ma, don sunansa na cikin wayar mai sayen. Suka ƙirga kwalaye, arba'in cif. Suka ga wasiƙar da ya rubuta wa Madam tun ranar. Babbansu ya ba shi hannu, ya ce wasiƙar tana cikin abin da ya taimaka aka gano mutumin.

Suna fita Auta ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa. Ma'aikata suka ji shi yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ba a yi wata biyu ba, hukumar kashe gobara ta wata ƙasa ta nemi kyamarori. Wannan karon da sunan ofishi, da sunan shugaba, da gayyatar ya zo ya koyar. Ya bi layi, ya miƙa fayil, lasisi ya fito cikin kwana tara. Biyu daga cikin ma'aikatan da suka tafi suka dawo.

Ranar da ya dawo daga tafiyar, bai sauka a gidansa ba. Da jakarsa ya wuce gidan Malam. Ya tarar da shi a falo, tsaye a kan tebur, yana fama da fankar sama da ta ƙi juyawa.

Auta ya ajiye jaka ya durƙusa.

"Yaya, abin da na faɗa maka a gaban mutane... kai da ka sayar da kekenka don in rubuta jarrabawa..."

Malam ya leƙo shi ta saman tabarau. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya daure.

"Ya yi min zafi, Auta. Ba zan ɓoye maka ba. Amma na yafe tun kafin ka sauka daga benen nan."

Auta ya sunkuyar da kai.

"To tashi mana," in ji Malam. "Injiniya guda a gidan nan, kana durƙushe kana kallon tsoho zai faɗo daga kan tebur? Karɓi sukudireban nan. In ka gama mu je wurin Inna tare, yau ta ci abinci da daɗin rai."

Darasi: Wanda ya ce maka "a'a" alhali ya san za ka tsane shi, sau da yawa ya fi ƙaunarka a kan mai ce maka "ba matsala". Kafin abin da ka ƙera ya bar hannunka, ka tambayi inda zai ƙare, domin akwai ran wani a can. In kuma kai ne aka zaga a kan gaskiya, ka daure, ka bar ƙofarka a buɗe. Tura wannan labari ga ɗan'uwan da ya taɓa hana ka wani abu don alherinka, ka haɗa masa da godiya.