Ranar da Hawainiya Ta So a Gan Ta

An yi wata Katantanwa a wani tsibiri mai yawan ruwan sama. Matsoraciya ce, kullum tana manne a bayan ganye. A da danginta sun cika kowace bishiya, sai jirgin ruwa ya kawo Hawainiya mai ji da kai, ta yi ta cinye su har saura tara a duniya. Katantanwa kuwa ƙwai ne cike da cikinta.

Wata safiya Kurciya, uwar kawo labari, ta sauka kusa da ita.

"Mutane sun kewaye wani lambu da kwano mai santsi wanda Hawainiya ba ta iya hawa, suna kai irinku ciki. Sun tsinci takwas. Yau za su tafi."

"To yaya za su gan ni?"

"Sai kin fito fili, ƙawata."

Katantanwa ta daɗe tana tunani. Ɓuya ce ta raya ta, yau kuma ɓuyar za ta hallaka ƙwanta. Ta lallaɓa ta hau saman ganye.

"Sannu da fitowa, mai majina," in ji Hawainiya daga reshen sama. "Wata uku ina nemanki."

Kafin ta harba harshe, sai ga mutum biyu suna ɗaga ganyaye, suna cewa abin da suke nema ya fi zinariya.

"Wai ke ce zinariyar?" Hawainiya ta kumbura. "Ni fa?"

"Ai ba sa ganinki, Hajiya," in ji Katantanwa da ƙaramar murya. "Kin saje da reshe."

"Ni ce ba a gani? Buɗe idonki."

Ta rikiɗe ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, ta miƙe a tsakiyar reshe tana juyi.

"Malam Tanimu, miƙo buhu," in ji matar da ke gaba. "Ga mai cinye mana su."

Da ta kai hannu ta cafke Hawainiya, idonta ya faɗa kan ganyen da ke ƙasa. Sai ta ɗauki Katantanwa a hankali, ta sa ta cikin gwangwani mai ɗanyen ganye.

A lambun, Katantanwa ta tarar da 'yan uwanta takwas suna kiwo a fili, ba wanda ke waiwaye. Ta haƙa ƙasa mai laima, ta zuba ƙwanta goma sha biyu, ta yi barcin da rabonta da shi tun zuwan jirgin.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ba ya jure jin an yabi wani, da kansa yake tona asirinsa. Matsoraci kuma ya san ranar da ɓuya ta daina amfani.