Gwangwanin Baba Lam

Akwai wani ɗalibi mai suna Bahauddeen, mutumin Kano, da ke karatun shirya fim a Kuala Lumpur. Ɗaki guda yake haya a unguwar Setapak, shi kaɗai, iyalinsa suna gida. Ranar da babu lacca, sai ya yini bai yi magana da kowa ba, in ban da mai kawo masa shayi a mamak, wato shagon abincin da ke ƙasan benensu.

A nan ya saba ganin wani tsoho mai suna Lam, kullum a teburi ɗaya, da gwangwanin biskit mai tsatsa a gabansa. 'Yarsa ce ta ɗauko shi daga ƙasarsu, inda gwamnatin gurguzu ke mulki, ita kuma aiki ba ya barinta zama. Ba mai zuwa wajensa, wayarsa ma ba ta ƙara.

Wata rana tsohon ya leƙa kwamfutar Bahauddeen, ya ga bidiyon wata akuya a tsaye, ya ce, "Darakta, wannan hoton ya yi tsawo. Ko jira kake akuyar ta yi jawabi?"

Bahauddeen ya yi dariya. "Baba, kai ma ka san aikin ne?"

"Shekara talatin ina yin sa."

Fim ɗin Bahauddeen na kammala digiri a kan rijiyoyin burtsatse ne, kuma wani ofishin gwamnati a gida ne ya ba shi kayan aiki. A ciki akwai wata tsohuwa, Inna Bintu, tana nuna famfon ƙauyensu tana cewa, "Ranar buɗewa a tanka aka kawo ruwan. Tun da baƙi suka tafi bai sake ɗiga ba."

Da ya tura musu fim ɗin su duba, sai ga waya daga Alhaji Munzali, shugaban ofishin.

"Haba ɗana, minti biyu ne fa. Cire tsohuwar nan. Kana dawowa sashen fim na ofishinmu naka ne, ga gida ga mota. Ko a ƙasa kake son matarka ta ci gaba da ganinka?"

Bahauddeen ya kai wa Baba Lam zancen. Tsohon ya buɗe gwangwanin. Guntayen fim ne irin na da, baƙaƙe, an yanke su da almakashi.

"A ƙasarmu gwamnati ce mai kyamara, ita ce mai sinima," in ji shi. "Sun ba ni gida mai ɗaki uku lokacin da mutane ke kwana takwas a ɗaki ɗaya. Sun ba ni direba. Ina da kantin da nake shiga in ɗauki nama, talaka na layin shinkafa. Amma kowane fim sai kwamiti ya gani kafin jama'a."

Ya ɗaga wani guntu wajen hasken rana. Fuskar wani saurayi ce yana dariya.

"Wannan Bao ne, abokina tun muna yara, jarumin fim ɗina na huɗu. Ya faɗi wata magana a taro, ba ta yi musu daɗi ba. Suka ce in cire shi daga fim ɗin gaba ɗaya. Ba su taɓa ni ba, Darakta, almakashi kawai suka ajiye min a tebur. Kwana tara ina yanke shi da hannuna. Aka tura shi gonar aikin tilas can kan iyaka, can ya mutu. Ni kuma aka ba ni lambar yabo. Daga ranar abokan arziki suka daina zuwa gidana, sai masu neman alfarma. Da na tsufa su ma suka daina."

Washegari Bahauddeen ya kira Alhaji Munzali ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, Inna Bintu tana nan."

Alhaji ya kashe waya. Maganar aiki ta mutu. Abokai biyu da ke jiran ya zama babba suka daina amsa saƙonsa. Ɗakin Setapak ya ƙara masa faɗi.

Ranar nuna fim ɗin, a wani ƙaramin zaure a jami'arsu da ke kan titin Jalan Semarak, mutum tara ne suka zo. Baba Lam ya zauna a gaba. Inna Bintu ta yi maganarta har ƙarshe, ba a taɓa ko kalma ba.

Da fim ya ƙare, allon bai yi duhu ba. Sai ga fuskar Bao, ƙatuwa, yana dariya, da sunansa a ƙasa. Ashe guntun da Bahauddeen ya ara wai zai duba, hotonsa ya je ya ɗauka.

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya cire hularsa, hawaye na bin kumatunsa. Bayan daƙiƙa goma hoton ya fara dushewa.

"Darakta," ya ce, "wannan kam ya yi gajere. Maido min shi."

Darasi: Duk alfarmar da za a ba ka don ka goge wani mai gaskiya, kai za ta bari kai kaɗai a ƙarshe. Gida da mota suna tsufa, amma fuskar wanda ka ci amanarsa ba ta tsufa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda aka ajiye wa almakashi a tebur.