Mudun Kurege a Sikelin Damisa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso. Kai kuma daina taunar nan, ka ji inda tauna ta kai wani.

Damisa ce ta haihu, ta ce ita ba ta shan kunun jego sai na 'ya'yan furen rana, masu baƙin ɓawo da farar ƙwaya. Ta kira Kurege ta ce, "Je rumbuna ka auno mini mudu guda, cike fal."

Ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Ya auno, ya kamo hanya. Ƙamshi ya bugi hancinsa. Ya ɗauki ɗaya, ƙwas, ya cinye ƙwayar, ya mayar da ɓawon. Ya duba, mudu na nan cike. Ya ɗauki wata, ƙwas, ya mayar da ɓawon. Mudu na nan cike. Ya ce, "Ashe haka abin yake!" Kafin ya kai ƙofar gida, kusan duk ɓawo ne, cikinsa kuwa ya yi tim.

Damisa ko kallon mudun ba ta yi ba. Ta jawo sikelinta, sanda ce da ƙwarya biyu a rataye. Ta ce, "Ni ba na girki da ido. Mudu guda na wannan iri, nauyinsa ɗaya da ɗan dutsen niƙan nan. Haka uwata ta koya mini."

Kurege ya ɗaga kai, sai ga fatar Zomo a shanye kan danga.

"Ranki ya daɗe, wancan fa?"

"Shi ya auno mini jiya."

Wayyo! Tsoro ya kama Kurege.

Ta sa dutse a ƙwarya ɗaya, ta juye mudu a ɗayar. Dutse ya zauna daram, ɓawo ya yi sama. Ta dubi sikeli, ta dubi cikin Kurege. Ta sa farce ta ɗago shi, ta ɗora kan ɓawon. Jama'a, sai sanda ta miƙe daidai!

Ta ce, "Yauwa, ga sauran. Bari in ɗauko taɓarya."

Ta jefa shi turmi. Yana jin takunta ta tafi, yana jin takunta tana dawowa, taɓarya na jan ƙasa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ba ta kaina nake ba. Amma wa ke daka ɗanyen iri? Na cikina ya jiƙe sharkaf. In kika daka shi haka, kunun zai yi tsami, jaririnki ya kwana yana kuka. Sai an shanya."

Damisa ta ajiye taɓarya. Ta ce, "Haka uwata ma take cewa."

Ta shimfiɗa shi a tabarma tsakar rana, ta danne masa wutsiya da ɗan dutsen nan, ta zauna tana gadi. Rana ta gasa shi, ta gasa shi, har ya fara jin ƙaurin kansa. Can jariri ya tsala kuka. Tana juya baya, Kurege ya fizge, ya bar mata gashin wutsiya tuli guda, ya faɗa rami.

Tun daga ranar, ko gyaɗa ya tsinta sai ya ɗaga ta da hannu biyu ya ji nauyinta, yana waige-waige.

Ƙurunƙus kan ɓawo! In za ku ci awon mutane, ku fara leƙawa ko suna da sikeli.