Yadda Aka Fasa Kulle Masallacin Rafin Gora

An ce a zamanin Sarki Barau na Rafin Gora, limamin gari ya rasu, jama'a suka rabu biyu kan magajinsa. Masu kabalu, waɗanda ke rungume hannu a salla, suka tsaya kan Malam Jibo. Masu sadalu, da ke sakin hannu, suka ce sai Malam Hamidu. Har aka fara ganin gorori a ƙarƙashin riguna. Ran Alhamis da hantsi Sarki ya yanke shawarar kulle masallacin Juma'a, ba don ransa ya so ba, sai don tsoron a zubar da jini a hannunsa.

Sai ga Ladan Gwadabe, tsohon da ya shekara arba'in yana kiran salla. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka san wanda ya yi wa masallacin nan rufi?"

Sarki ya ce, "Ban sani ba, Baba Ladan. Faɗa mini."

Ladan ya gyara zama, ya ce, "Kakana ya ba ni labari, sa'ad da Musulmin garin nan ba su wuce gida goma ba, suka ta da bangon masallaci, sai gardama ta kaure kan wanda zai ja su salla. Kowa ya janye hannu, ga damina ta gabato. Wata safiya Nomau, Sarkin Noman Maguzawa, ya iso da mutanensa ɗauke da azara. Ya dubi bangon, ya ce, 'Malamai, ku saurara in ba ku labarin gidanmu.

"'Ubana da ƙanensa sun saɓa kan inda za a yi yankan shiga gona. Wannan ya ce gindin tsamiya, wancan ya ce bakin rafi, har suka daina gaisawa. Shekarar nan babu wanda ya je gayyar ɗan'uwansa, ciyawa ta cinye gonakin duka biyu. Muka sha yunwa, na binne ƙanwata. Mutane suka ce iskoki ne suka yi fushi. Ni kuwa ina wurin, ban ga iska ba, ciyawa na gani.'

"Kunya ta kama Musulmi. Suka zauna a inuwar bangon, ba su tashi ba sai da liman, Maguzawa kuma suka taya su ɗora azara. To, ranka ya daɗe, wanda bai taɓa sa goshi a ƙasa ba ma zama ya sa aka yi. Kai ka taɓa zaunar da malaman nan biyu a tabarma ɗaya?"

Sarki ya ce, "Ban taɓa ba." Nan take ya aika aka kira su. Ya dubi Malam Jibo ya ce, "Malam, in ba kai ba, wa za ka bi salla hankalinka kwance?"

Malam Jibo ya jima yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam Sambo na Unguwar Marina. Shi ya karantar da ni."

Malam Hamidu ya ɗago kai, ya ce, "Ashe! Ni ma a gabansa na sauke."

Sarki ya yi ajiyar zuciya har fadawa suka ji. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Baba Ladan, na karɓi maganarka, kuskure na tashi yi. Ku biyun nan ku je da ƙafarku ku gaya wa malaminku, gobe shi ne a gaba."