Man Da Ya Fi Zuma Nauyi

Akwai wata mata mai shagon zuma da man girki a bakin layinsu, kowa Umma Mai Zuma yake ce mata. Kwana biyar ta yi da damuwa a ƙirjinta, ko abinci ta ci ba ta jin ɗanɗanonsa, duk saboda wata 'yar takarda da aka aiko daga makarantar 'yarta Auta.

Takardar ta ce ana rage ɗalibai a ajin kimiyya, kuma in Auta ta sake faɗuwa gwajin kemistiri na ranar Alhamis, da ita za a rage. Auta kuwa tun tana 'yar mitsitsiya ba ta da buri sai na zama mai haɗa magunguna a asibiti.

Abin haushin, yarinyar tana da kai. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita a satin da malama ta koyar da wani abu wai shi densiti. Da ta warke sai ta kwafi ƙa'idar daga littafin ƙawarta, ta ƙi tambayar kowa. Wadda ta saba zuwa ta ɗaya, ina za ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba?

Sau biyu ta yi gwajin, sau biyu malama ta zabga mata jan biro.

Ranar Talata da la'asar Auta ta zauna a ƙuryar shago. Ta ɗauko ƙaramin sikelin Umma, da wata 'yar kwalba, da sirinjin da take auna mai da shi. Ta auna, ta danna kalkuleta, ta ja tsaki. Ta sake, ta sake jan tsaki. Umma tana goge kantar shago, amma rabin hankalinta yana can.

"Auta, wai mene ne wannan densitin da ya hana mu sakat?"

"Umma, ko na faɗa miki ba ganewa za ki yi ba."

"To faɗa wa bangon nan, ni na ji a gefe."

Auta ta turo baki. "A auna nauyin abu, a raba da yawan wurin da ya cika. Shi ke nan fa! Na ruwa ɗaya ne. Na zuma ɗaya da ɗigo huɗu, ga shi a littafi. Na zuba mai mililita hamsin a kwalba, sikeli ya ce giram saba'in da shida. Na raba da hamsin, ya ba ni ɗaya da rabi har da ɗoriya. Kuma wai ba daidai ba ne!"

Umma ta ajiye tsumman hannunta. "Tsaya. Kina nufin mai ya fi zuma nauyi?"

"Haka kalkuleta ta ce."

"To kalkuletar nan taki ba ta taɓa ɗaukar jarka ba. Jarkar mai da hannu ɗaya nake sauke ta. Ta zuma kuwa sai na yi bismillah na dafe ƙugu. Kuma ke ba kya ganin yadda mai yake tasowa a kan ruwa in kina wanke-wanke?"

"Umma, don Allah! Wannan kimiyya ce, ba ciniki ba. Ke da kika tsaya a aji shida na firamare, ki bar ni da abin da ya dame ni."

Maganar ta soki Umma har ƙahon zuci. Ta dubi 'yarta, ta dubi kwalbar da ke kan sikeli cike da mai, nan take ta ga inda matsalar take. Bakinta ya buɗe zai faɗa, ta mayar ta rufe. Ta san halin kayarta. A yadda take cike ɗin nan, ko gaskiya aka ɗora mata a tafin hannu sai ta yar.

Haka Umma ta wuni ranar Laraba tana cin rai. Ta faɗa, a ce ta cika shisshigi. Ta yi shiru, gobe a kori yarinya daga aji. Har mazurarin mai ta tsoma a zuma saboda tunani.

Da yamma Auta ta dawo, idonta jawur, ta koma ƙuryarta. Ba a jima ba sai ga wata tela, maƙwabciyarsu, da robarta a hannu.

"Mai Zuma, a ba ni rabin kilo, mai gidan yana ta tari."

Umma ta dafe baya. "Wash! Auta, taso ki auna wa mamanki, bayana ya riƙe."

Auta ta taso tana ƙunƙuni. Ta karɓi robar, ta ɗora ta a kan sikeli babu komai a ciki, ta danna ya koma sifili, sannan ta fara tsiyaya zuma. Abin da ta yi ya fi sau ɗari a shagon nan.

"Me ya sa kika fara ɗora robar?" in ji Umma, kamar ba da wata manufa ba.

"Haba Umma! Zuma ta zo saya, ba roba ba. Ai dole a cire nauyin..."

Maganar ta maƙale. Zuma tana ta zuba har sai da tela ta ce, "Ke 'yar boko, wanka zan yi da ita?"

Auta ta ruga ƙurya. Ta juye man, ta goge kwalbar tas, ta ɗora ta ita kaɗai. Giram talatin. Ta cire daga saba'in da shida, saura arba'in da shida. Ta raba da hamsin. Sifili da ɗigo tara da biyu. Bai kai ruwa ba, balle zuma.

Ta daɗe tana kallon kalkuletar. Sannan ta zo ta durƙusa a gaban uwarta.

"Umma, tun jiya kin gani, ko?"

"Ni da na tsaya a aji shida? Ina ni ina gani?"

Auta ta kifa kai a cinyarta ta fashe da kuka. Umma ta shafa kanta ta ce, "Tashi, kar ki jiƙa mini zane. Je ki kwashe zumar da kika ɓarar."

Ranar Alhamis Auta ta ci gwajin, aka bar ta a ajinta. Malama ta tambaye ta wa ya warware mata, ta miƙe a gaban kowa ta ce, "Mahaifiyata ce, mai sayar da zuma."

Sai ga wata takardar an aiko. Wai malama tana roƙon Umma ta zo da sikelinta da jarkokinta ta nuna wa 'yan aji. Tun ranar Umma ta rasa sukuni. Ita da ba ta jin Turanci, ta tsaya gaban yara arba'in ta ce me? Har yau takardar tana ƙarƙashin sikeli, ba ta ba da amsa ba.

Darasi: Girman kai shi yake hana mutum tambaya, kuma sau da yawa amsar da yake nema tana hannun wanda ya raina. 'Ya'ya, kada karatu ya sa ku raina sanin iyayenku. Iyaye, in an gaya mana mai zafi mu daure, mu nemi hanyar da yaro zai gano da kansa. Ku tura wa wasu su amfana. Sannan don Allah ku ba Umma shawara: ta je makarantar nan, ko ta ba malama haƙuri?