Kyamarar Ergash Ɗan Mai Hoto

Akwai wani mutum a tsohuwar unguwarmu a Tashkent, sunansa Ergash, direban motar raba burodi. In aka zauna a gidan shayi, kafin a kai buta ta biyu sai ya daki ƙirji ya ce, "Ni fa a ɗakin wankin hoto aka yanke mini cibiya. Ku ɗaure mini ido, ku ba ni kyamara, in ɗauko muku ƙuda yana tashi, har ku ƙirga gashin ƙafarsa."

Rabin maganar gaskiya ce. Mahaifinsa, marigayi Usta Norkul, shi ne mai hoton unguwar shekara talatin. Ba gidan da za ka shiga ba ka tarar da aikinsa a bango ba. Ga amare, ga samari ranar tafiya soja, ga jarirai an kwantar a kan bargo.

Ɗaya rabin kuwa, yayarsa Sanobar ce ta san shi. Ita ke tsayawa gefen uban a ƙarƙashin jar fitila tana jujjuya takarda a ruwan magani, Ergash yana can kan rufi yana fama da tantabaru.

Uban yana raye, sau ɗaya tak Ergash ya taɓa kyamararsa. Yana ɗan shekara sha biyu ya bar ta a kan benci, idonta a buɗe yana kallon sama. Rana ta bi ta gilashin ta ƙona ƙyallen da ke ciki. Uban ya murɗe masa kunne ya ce, "Ba a barin idonta a buɗe! Ka ji ko? A rufe!"

Karatun hoton Ergash ke nan, daga farko har ƙarshe. Da uban ya rasu ma, shi ya ɗauki kyamarar ya sayar, ya sayi rikoda. Sanobar ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba.

Ga shi kuma da tsokana. Ya taɓa jera mutanen biki kaf a rana, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayan kwalin takalmi kamar mai shirin ɗaukar hoto. Sai da wuyan kowa ya ƙage, sannan ya yaye ƙyallen, aka gan shi yana cin kankana.

To, ana nan sai takarda ta zo cewa za a rushe layinsu, a raba wa kowa gidan bene, wannan gabas, wancan yamma. Dattawa suka ce kafin a watse sai an ci palov, dafa-dukar shinkafa da nama, na ban kwana a ƙarƙashin rumfar inabin Hosiyat-hola, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a layin.

Ranar Lahadi Ergash ya shiga kasuwar gwanjo ta Yangiobod neman takalmin sanyi. Tsakanin wani tsohon agogo da tarin cokula, sai ga kyamara a cikin jakarta ta fata. Irin ta babansa sak.

Ya ɗauka. Warin fatar ya bugi hancinsa, warin rigar mahaifinsa ranar Juma'a. Ya kai ido ga 'yar tagar leƙawa da ke sama, ya ga mai kayan ya zama mutum biyu. Ya murɗa zoben a hankali har biyun suka haɗe suka zama ɗaya. Ya latsa, ta ce ƙyas.

Ya ajiye ya yi gaba. Ya dawo. Ya sake yin gaba har wajen masu takalma, ya gwada ƙafa ɗaya, ya sake dawowa.

Mai kayan, wani tsoho mai haƙora uku, ya ce, "Ɗan'uwa, ko ka saya ko ka biya kuɗin kallo. Ka kusa cinye mini ita da ido."

Ergash ya dubi takalminsa da ya buɗe baki, ya dubi kyamara. Zuciya ta ce masa sanyi wata uku ne, hoto kuwa har jikoki. Ya zaro kuɗin takalmi ya miƙa.

"Sa mini fim ɗin," ya ce, "hannuna da maiƙo."

Tsoho ya sa, ya daidaita masa ita da hasken rana, sannan ya ce, "Amma ka kula. Irin wannan, tagar leƙawa daban, idon ɗauka daban. Saboda haka in ka manta..."

"Dakata, Baba! Ɗan Usta Norkul kake koya wa hoto? Ana koya wa ɗan agwagwa iyo?"

Tsoho ya ɗaga kafaɗa ya koma kan shayinsa.

Ranar ban kwana layi ya cika. Har waɗanda suka tashi shekara ashirin sun dawo. Ergash ya iso da kyamara a ƙirji da kwandon burodi a hannu.

"Kowa ya zuba wayarsa a nan! Yau ba hoton dangwale. Yadda Usta ya ɗauki iyayenku, haka ɗansa zai ɗauke ku."

Saboda sunan marigayin, kowa ya zuba. Ya jera su, dogaye baya, tsofaffi kan benci. Ya durƙusa, ya hau kujera, har ya kwanta rigingine. Ta tagar leƙawa yana ganin kowa tar kamar a madubi. Murfin da ke rufe idon ɗauka kuwa tun daga gida ya danna shi da kyau, don rana tana dukan tsakar gidan, kuma har yanzu kunnensa bai manta ba.

Sanobar ta taso daga wajen tukunya tana goge hannu. "Ergash, tsaya in ga..."

"Opa, yayata, don Allah! Ki kula da shinkafarki, in kula da sana'ar gidanmu."

Mutane suka yi dariya. Ta dube shi, ta koma.

Da aka sauke abinci aka ci aka ƙoshi, Ergash ya zare kyamarar daga jakarta don ta sha iska, ya ajiye a kan shimfiɗa, ya nufi ƙatuwar tukunya. Tun yana yaro ba ya barin ƙanzo ya wuce shi.

Bayan kwana huɗu ya je shagon wankin hoto. Mai shagon ta ɗaga fim ɗin a hasken taga. Fes, kamar ledar da ba a taɓa sa komai a ciki ba.

"Talatin da biyar ba komai," ta ce. "Ba ka cire murfi ba, ko? Ɗaya ne ya fito, na ƙarshe."

Wayoyin mutane yake tunawa, a cikin kwando.

Ta miƙo masa guda ɗayan. Ya tsaya cak. Ba wanda ya ƙame a ciki. Hosiyat-hola tana zuba shayi, Tolib wanzami ya buɗe baki yana dariya, tsofaffi biyu da suka shekara goma suna gaba sun haɗa kai a kan faranti guda, haske yana tsiyayowa ta ganyen inabi. Kamar Usta Norkul ne ya dawo ya latsa. Ergash ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya kawo ruwa.

"Lalle murfin faɗuwa ya yi a wannan," ya ce a ransa. "Jini ba ya ƙarya."

A nan ne fa ya kamata ya je ya faɗi gaskiya. Sai ya ce a buga masa ashirin, manya.

Ranar kwashe kaya, motoci sun toshe layi, ana ta ɗora katifu. Ergash ya hau kan wani akwati ya shiga rabon hoto. Mata suka fara share hawaye da bakin ɗankwali.

Tolib wanzami ya ce, "Sauran fa? Na ga har kwanciya ka yi."

"Kai da ba ka san sana'a ba! Gwani ba ya fitar da tarkace. Cikin talatin da shida, ɗaya ake zaɓa. Wannan, sai da na ɗauke numfashi na jira iska ta tsaya."

Hosiyat-hola ta ɗora tabarau a kan tabarau, ta shiga bin hoton da yatsa tana kiran sunan kowa. Ta kai can kusurwa, inda tururi ya yi yawa, ta tsaya.

"Wannan kuma ɗan wane gida ne? Mai sanƙon nan da ya zura kai a tukunya har kafaɗa?"

Kawuna ashirin suka sunkuya. Ga mutum nan ya ba da baya, ludayi a hannu, jakar fata ta kyamara tana reto a gadon bayansa, bakinta a buɗe, ba komai ciki.

"Ergash, ɗana," tsohuwa ta ce, "da wace gaɓar ka latsa?"

Tolib ya zauna a kan katifar mutane yana riƙe ciki. "Wallahi mun ga murfin! Tun hoton farko muka gani. Muka ce kwalin takalmi ne ya dawo, duk wanda ya fara magana shi za a mayar abin dariya. Ashe da gaske kake!"

Sanobar tana ɗaure wani ƙunshin kwanuka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗaya ne ya rage a ciki," ta ce. "Na cire murfin, na latsa, na mayar maka da shi. Ba a barin idonta a buɗe. Ko ba haka Baba ya ce ba?"

Layi ya ɗauki shewa. Ergash yana tsaye a kan akwati, takalminsa ya buɗe baki, shi nasa bakin ya ƙi buɗuwa. Hannunsa ya tafi da kansa ya dafe kunnen nan da uban ya murɗe.

Darasi: Gadon uba ba a kasuwar gwanjo ake sayo shi ba, a gefen uban ake tsayawa a koya. Wanda ya ce ya riga ya sani ya toshe bakin mai faɗa masa, kuma mai yawan wasa ranar da ya yi kuskure ba mai gyara shi. Tura wa wannan abokin naka da ba ya bari a gama masa bayani, ko Allah zai sa ya cire murfin.