Yadda Kurege Ya Zama Kansila

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata shekara namun dawa suka tashi zaɓen kansila. Kura ta fito takara, Ɓauna ma ta fito.

Kura ta kai wa Kurege buhun gyaɗa. "Kurege, kana tare da ni?"

"Hajiya, ni naki ne har kabari."

Tana juyawa sai ga Ɓauna da katan ɗin taliya. "Kurege, kana tare da ni?"

"Ranki ya daɗe, ni naki ne har kabari."

Matarsa ta ce, "Malam, wai kabari nawa gare ka?"

"Ke dai ɗora tukunya. Ƙuri'a a ɓoye ake dangwalawa, wa zai gani?"

Ranar zaɓe Hankaka, malamin zaɓe, ya ce ruwa ya cinye gada, takardu ba su iso ba. Ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya tsaya bayan gwaninsa, ido na ganin ido.

Kurege ya dubi dama, Kura tana lasar baki. Ya dubi hagu, Ɓauna tana wasa ƙaho. In ya bi wannan a take shi, in ya bi waccan a cinye shi.

Sai ya lura kowa ma sunkuyar da kai yake. Ɗan banzan ya tsaya tsakiyar fili, ya ɗaga murya: "Duk wanda ya ci gyaɗa ya kuma ci taliya, ya zo bayana kafin a fara tambaya!"

Sai Zomo ya sulale ya koma bayansa. Sai Bushiya. Sai Biri da matansa. Kai, har ƙanin Kura, yana cewa, "Yaya, taliyar ce da daɗi."

Hankaka ya ƙirga, ya ce Kurege ya lashe.

Washegari da sassafe layin nan ya dawo ƙofar gidansa. "Ranka ya daɗe, matata ta haihu, sai ragon suna." "Ranka ya daɗe, jinkata ta yaye." "Ranka ya daɗe, mu da muka tsaya maka a rana!"

Kwana uku Kurege ya rame. Ya ce wa matarsa, "Ce musu na tafi taro." Ya haƙa ƙofa ta baya, ya arce. Shi ya sa har yau raminsa ƙofa biyu ne.

Ƙurunƙus kan kansila! In kun girma za ku ci hannu biyu, ku fara haƙa ƙofar baya. Ku tashi mini daga tabarma.